Jan Zaren da Na Ɗaura wa Kazar Da-on

Zuwa ga Gwaggo Ok-bun, mai shafin ba da shawara,

Ki taimake ni, Gwaggo, kaina ya kulle. Ranar Alhamis mai zuwa surukina zai je wurin 'yan sanda ya amsa laifin da ni na aikata da hannuna. Kwana tara ke nan maganar tana ci na, ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Ni 'yar Seoul ce, a da malamar ƙananan yara. Aure ya kawo ni gonar iyayen mijina a Hongcheon shekara shida da suka wuce. Masara muke nomawa, ga kaji sun kusa ɗari biyu. Bara na kawo shawarar mu riƙa karɓar yaran birni lokacin hutun zafi, a kawo su ƙarfe tara a ɗauke su ƙarfe huɗu, su karya masara, su kwashi ƙwai, su yi wasa a rafi. Mijina Sang-pil ya yarda nan take. Baba kuwa, wato mahaifinsa, mai shekara saba'in da shida, cewa ya yi yaran da ba su taɓa taka kashin kaza ba me za su tsinana masa? Kwana biyu kacal ya koma kakan kowa, yana sassaƙa musu bindigar ruwa da gora.

A cikin yaran bana akwai Da-on, 'yar shekara takwas, siririya, shiru-shiru, ba ta shiga cikin 'yan uwanta. Sai ta liƙe wa wata kaza wake-wake, ta raɗa mata suna Dankali. Rabin shinkafar da uwarta ke ƙunso mata a cikin kazar nan yake ƙarewa, har ta yi ɓul-ɓul. Wata rana ta ce tana tsoron kada Dankali ta ɓace mata cikin sauran. Na shiga rumfar Baba, na ga ƙullin jan zare rataye a ƙusa, na yanko na ɗaura a ƙafar kazar. Na ce mata daga yau duk wanda ya ga zaren nan ya san Dankali tata ce, ba mai taɓa ta.

Gwaggo, ban taɓa tambayar amfanin zaren nan ba. Ni a fige nake ganin kaji a kicin. Ashe shekara arba'in ke nan, duk kazar da ta isa shiga tukunya jan zare Baba yake ɗaura mata da yamma, don kada ya yi ta laluben ta da safe.

Ranar Bok ta tsakiya ta zo, wato ranar da ake ɗauka ƙololuwar zafin shekara, kin san ba gidan da ba a cin farfesun kaza don maganin zafi. Baba ya ce yaran birni duk a bushe suke, shi zai ciyar da su. Da sassafe ya yanka kaji takwas masu zare, ya ɗora babbar tukunyar ƙarfe a tsakar gida. Da-on ta yi ta neman Dankali tun zuwanta, ni kuma ina ta hidima na ce mata ta shiga cikin masara ne, za ta fito. Da aka zauna cin abinci, Baba da kansa ya zaɓo cinyar da ta fi kowace girma ya sa mata a kwano, wai ita ce ramammiya. Ta sunkuyar da kai ta yi godiya, ta cinye tas.

Wajen wanke kwano ne ta ga robar da aka zuba kawuna da ƙafafu a bayan famfo, ƙudaje na bi. Ga kan Dankali a sama, ga ƙafarta da ƙullin da ni na yi. Irin ihun da yarinyar nan ta ƙwalla ban taɓa jin sa ba. Ta yi ta amai tana cusa yatsu a maƙogwaro. Sang-pil ya kwashe sauran yaran ya yi rafi da su. Ita kuma ta kira ubanta da agogon hannunta mai waya tana shessheƙa.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ga motar Malam Pyo, uban nata, ko kashe ta bai yi ba ya diro. Baba ya taso, ya cire hula zai ba shi haƙuri. Mutumin nan ya cakumi kwalar rigarsa, tsohon da ya isa ya haife shi, yana girgiza shi yana cewa, "Kai tsohon banza, mahaukaci, 'yata za ka ciyar da abin da take ƙauna?" Ya kwaɗa masa mari har haƙoran robarsa suka faɗo ƙasa. Sannan ya hankaɗa shi, Baba ya faɗa kan tukunyar da ke kan garwashi. Na ji ƙaurin fatar hannunsa.

Ban san lokacin da na zaro icen girki ba. Ta baya na zo, na maka wa Malam Pyo a bayan kunne. Ya durƙushe a kan gwiwa, jini na bin wuyan farar rigarsa. Gwaggo, nan ya kamata in tsaya. Ya riga ya saki Baba, ya riga ya faɗi. Amma na sake ɗagawa da hannu biyu na ƙara masa, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi lokacin da icen ya sauka. Ya kife a ƙasa. Da na ɗago ido, ga Da-on a jikin famfo tana kallona, ko kuka ba ta yi.

Baba ya rarrafo da ƙonannen hannu ya ƙwace icen. Ya ce, "'Yata, kina kicin. Kin ji ni? Kina kicin." Haka ya faɗa wa masu motar asibiti, haka ya faɗa wa 'yan sanda, ni kuma na yi tsit. Ɗinki goma sha huɗu aka yi wa Malam Pyo, har yau yana fama da jiri, kuma bai ga wanda ya buge shi ba. Baba ya ce shi tsoho ne, ba abin da ya rage a ƙwace masa, ni kuwa da sunana ake kawo yara. Sang-pil ya ce in na buɗe baki na watsa wa Baba ƙasa a ido, kuma mutumin ai shi ya jawo wa kansa.

Jiya uwar Da-on ta turo mini saƙo. Ta ce yarinyar ba ta cin abinci, ba ta magana, in aka ambaci Kaka sai ta toshe kunne. Tana tambayata ko akwai wani abin da ta gani. Ban amsa ba. Ni nake wanke wa Baba ƙunar nan safe da yamma, yana yi mini barkwanci, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In faɗi gaskiya in rusa abin da tsohon nan ya yi domina, ko in yi shiru yadda maigida da uban gida suka ce?

Suruka daga Gonar Masara

*

Ya ke Suruka,

Sannu, kin sha wuya. Amma kin tambaye ni, kuma ba zan lallashe ki da ƙarya ba: ki faɗi gaskiya, kuma kafin Alhamis.

Bari in fara da abin da ke gefenki. Mutumin da zai mari dattijo ya jefa shi kan wuta ya yi mugun aiki, kuma kukan 'yarsa bai wanke shi ba. Bugun farko kowa zai gane shi, kin ga ana ƙona surukinki. Na biyun kuwa ke da kanki kin san fushi ne. Da icen ya gota kaɗan, da yanzu Da-on marainiya ce. Wannan daɗin da kika ce kin ji, kada ki binne shi. Ki sami likitan da za ki zauna da shi a kai kafin ki sake karɓar ɗan wani.

Surukinki mutumin kirki ne, amma ya yi lissafinsa ya manta mutum ɗaya. Shi ya ɗauka mutum uku ne suka san maganar, alhali huɗu ne, kuma ta huɗun shekararta takwas. Yarinyar nan ta ga wadda ta bugi ubanta. Kullum tana jin ana tsine wa kakan da ya sassaƙa mata abin wasa, ta san ba shi ba ne, ta kuma ga manya duk sun yi shiru. To ita ta faɗa wa wa? Ba kazar kaɗai ta hana ta cin abinci ba. Ku kun sauke kayanku a kanta ne. Kuma ki sani, yara ba sa shiru har abada. Ranar da ta yi magana, laifinki yana nan, an ƙara da na tsohon da ya yi wa hukuma ƙarya.

Ki fara da Baba, ba da mijinki ba. Ki durƙusa gabansa ki gode masa, sannan ki gaya masa ba izini kika zo nema ba, sanar da shi kika zo yi. Zai yi faɗa, ki bar shi ya yi. Ki nemi lauya gobe, ki tafi da takardar likita ta ƙunar hannunsa da hotunanta, domin abin da aka yi masa ma dole ya shiga maganar. Ki faɗi bugu biyun, kada ki rage ɗaya. Sang-pil kuwa tsoro ne ke damunsa, ki ce ya raka ki.

Mai yiwuwa iyaye su janye yaransu, ba zan ce miki a'a ba. Idan kuka sake buɗewa, ki zaunar da tsohon ya koya miki kowane zare da kowace alama ta gonarsa, kuma tun ranar farko a gaya wa yara cewa kajin gona na ci ne.

Sannan ki amsa wa uwar Da-on. Kada ki je wurin yarinyar da kanki, ki bar uwarta ta isar mata da magana biyu: malama ce ta ɗaura zaren bisa kuskure, kuma malama ta faɗa wa kowa ita ce ta ɗauki icen. Kin taɓa yi mata alkawari ba mai taɓa Dankali, bai cika ba. Wannan karon ki bari ta ji maganarki ta zama gaskiya, ko ta samu ta ci abinci.

Allah ya ba Baba da Malam Pyo lafiya, ya ba ki ƙarfin zuciya ranar da za ki shiga ofishin nan.

Gwaggo Ok-bun