Kangon Manu

Laraba da dare, gab da damina, 1993. Wara.

Ba wanda ya ɗaga mini ko tubali ɗaya. Lokacin da na sayi tsohon gidan gonan nan, jemagu ke kwana ciki. Ni na sake azara, na tada rumbuna, na shafe zaure da makuba kamar yadda yake a da. In na zauna da la'asar iskar tafki na shigowa, mai bene bai fi ni ba.

Yau Sale, abokina na sakandare, ya zo gani daga Yelwa. Ya sha yawo yana tambayar gidan gonar Alhaji Bawa, ba wanda ya sani. Sai wani masunci ya ce, "Ko kangon Manu kaka nema?"

Manun da ya gudu ya bar gidan nasa tun zuwan ruwan dam.

Na kai kuka wurin Inna, ta yi dariya. "Bawa, ni ma haka nika ce mai."

Gobe sai gidan hakimi. A takardar masu gonaki ta bana da ke wurinsa, in kangon Manu aka rubuta, a goge kango, a goge Manu. A rubuta Bawa, ina tsaye ina gani.