Fulmani a Jerin Baƙi

Tsibirin Tarili Babba, 9 ga Maris.

Zuwa ga Yaya Zakariyas,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Salomi da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙalau. Inna Marsa ta warke har ta koma faɗa da maƙwabta. Baba yana cin shinkafarsa da kifi, sai dai ya daina ci a kwano ɗaya da ni, kuma dalilin ne ya sa na ɗauki biro.

Ka san ofishinmu na gandun daji ya sa ni rubuta rahoto kan dabbobin tsibiran nan. Takardar tana da gida biyu: 'yan ƙasa da baƙi. 'Yan ƙasa ba su da yawa, jemage ne da jaɓa da ƙaramin aladen dajin nan. Baƙi kuwa sun cika shafi. Na sa barewa mai ɗigo-ɗigo a farko, wadda Turawa suka kawo don farauta, domin ba ta barin tsiro ya kai gwiwa. Sai ɓeraye, kyanwoyi, awaki. A layi na tara, can ƙasa, na rubuta giwa ɗaya, mace, shekara hamsin da biyu, ɓarnarta kaɗan. Fulmani ke nan, giwar da kamfanin katako ya bar wa Baba da ya tattara ya tafi. Na rubuta ta ne saboda an koya mini a jami'a kada in tsallake kowa.

Shugabanmu ya yaba rahoton ƙwarai. Ya ce barewa ba za ta taɓu ba, hotonta ne a ƙofar kowane otal. Ɓera kuma wa zai tsaya ƙirga shi? Amma giwa, in an ɗaga ta da igiya zuwa jirgin ruwa, jarida za ta ɗauka. Na ce masa a nan aka haife ta, a bakin rafin da ke bayan cocinmu. Ya yi murmushi ya ce ai malama ta fi kowa sani, haihuwa ba ta mai da baƙo ɗan ƙasa, ni ce na rubuta haka a shafi na biyu. Gaskiyarsa, ni na rubuta.

Da na kai wa Baba labarin za a fitar da Fulmani daga tsibirin, yana goge mata baya da ɓawon kwakwa. Bai juyo ba. Ya tambaye ni, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, wai ranki ya daɗe, shi da ya zo a jirgi yana ɗan shekara goma sha biyu tare da uwar Fulmani, a wane gida na sa shi. Ya ce ni ma in duba, ko akwai layi na goma da zan rubuta kaina. Inna Marsa ta leƙo ta ce kuɗin makaranta dai bai faɗi banza ba, ga shi yarinya ta iya korar giwa da biro.

Na rubuta ƙorafi sau uku. An amsa mini da nawa rahoton, an ja layi ƙarƙashin kalmomina.

Za a kai Fulmani wani sansanin giwaye a babban yankin ƙasa, can wajenku ƙetaren teku. Likita ya ce kwana huɗu a teku a shekarunta sai addu'a. Baba ya ce ba za ta sha ruwa a hannun wanda ba ta sani ba, don haka zai bi ta. Ya ba Inna Marsa kajinsa. Tikitin tafiya kawai ya yanka. Na ce ya bari in raka shi, ya ce a'a, in zauna in kula da jemaguna.

Jirgin zai iso wajenku ranar ashirin da shida. Don Allah ka je tasha da wuri, ka tafi da rake da maganin hawan jininsa, zai ce bai manta ba, ya manta. Kada ka ce masa barka da dawowa gida. Shekara sittin da biyu rabonsa da can, ba wanda zai gane shi, harshensu ma ya gauraya masa da na tsibiri. Ɗan tsibiri za su kira shi.

Ka gaida Anti Salomi, da Binita, da Kawu Anteres. Ka gaida Baba in ya sauka, wataƙila daga bakinka ya amsa.

Ƙanwarka,
Filomina Tirki