Awon da Auta ta Ɗauka

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baba. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Auta, ya sa ta huta.

Ni ce ƙawarta ta jami'a, mai tabarau ɗin nan da ta zo gaisuwa tare da 'yan ajinmu. Ɗakinmu ɗaya, kuma tare muke karatun gwada ji da taimakon masu ciwon kunne. Na yi ta kiran wayarki ba a ɗauka ba, shi ya sa na ba direban motar garinku wannan takarda.

Mama, a hutun da ya wuce Auta ta ɗauki awon kunnen Baba na hagu. Ta zuba masa wani ƙullu mai laushi a ciki, ya daskare, ta zo da shi makaranta. Da wannan awo ake yin robar da za ta zauna daram a kunnen mutum, ta kai masa sauti daga na'urar ƙara ji. Robar ta fito, na'urar ma ta iso. Malamarmu ta ce ni zan ci gaba da aikin a ƙarƙashin kulawarta. Abin da ya rage shi ne Baba ya zo asibitin koyarwa a sake gwada shi, a saita masa. In bai zo ba kafin ƙarshen zangon nan za a ba wani na'urar, don masu jira suna da yawa.

Ki gafarce ni in na fama miki ciwo. Na daɗe ina juya maganar kafin na rubuto.

'Yarki,
Ƙawar Auta

*

'Yata Mai Tabarau,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, ina fata kema haka, da karatu. Na gane ki sarai. Ke ce kika zauna bakin ƙofa ranar nan kika ƙi cin komai. Ki yi haƙuri da wayar. Ina ganin kiran, amma ba na iya magana a waya yanzu. Rubutun ya fi mini sauƙi, ko da yake karatuna bai yi nisa ba, sai ki yi haƙuri da hannun.

Na kai wa Babanku maganar. Kin san yadda ake kai masa magana a gidan nan, sai na tsaya a kansa na ɗaga murya har maƙwabciyarmu ta bayan katanga ta amsa kafin shi. Ta ce, "Ya je mana, me zai hana?" Shi kuwa ya dube ni ya ce, "In ji me? Rediyon gidan ta mutu." Haka yake kiranta tun tana ƙarama, saboda surutu. Daga nan ya sa takalmi ya tafi wurin aiki.

Ban sani ba ko ta gaya miki. Tun yana saurayi yake aiki a injin yanka katako, zarton ne ya cinye masa kunne a hankali. Ni da shi mun yi shekara da shekaru muna zaman ihu. "Ga abinci." "An kawo wuta." "Ɗan'uwanka ya zo." Duk da ihu. Ita kaɗai ba ta taɓa yi masa ihu ba. Sai ta dafa kafaɗarsa, ta tsaya inda haske ke dukan fuskarta, ta yi magana a tsanake, shi kuma ya karanta a bakinta. Takan ce mini, "Mama, ihu ɓata kalma yake yi." Ni kuma in ce, "To likitan kunne, ki gama karatun tukun." Na gwada irin nata bai yiwu ba. Ya ce bakina sauri yake yi, kuma yanzu ga shi yana rawa.

Ranar da ta cika, muna tsaye a barandar asibiti likita ya fito ya faɗa a hankali, kamar yadda suke yi. Babanku ya juyo ya ce, "Me ya ce?" Na faɗa masa, bai ji ba. Na sake. Sai da na ɗaga murya, har masu jinya suka leƙo daga ɗakuna. Da ihu na gaya wa mutumin nan 'yarsa ta rasu, kamar ina kiran mai tallan ruwa.

Tun ranar ba mu sake maganarta ba. Akwai maganar da ba ta yiwuwa da ihu, 'yata. Ina so in ce masa takalminta na nan bayan ƙofa, na kasa ɗagawa. Ina so in tambaye shi ko yana mafarkinta. Yayyenta duk suna garuruwansu, mu biyu ne a gidan, ya zauna can, in zauna nan. Na rasa 'ya, kuma wanda muka haife ta tare ba shi da kunnen da zan yi kuka a ciki.

Ki roƙar mana malamar ta ɗan jira. Ki gaishe ta, ki gai da 'yan ɗakinku.

Mamanki

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ina fata Baba yana lafiya.

Na karanta wasiƙarki har sau ba adadi. Mama, ni ma tun da muka dawo ban iya shiga ɗakin gwaji ba sai an tilasta ni. Ɗaki ne ƙarami mai kaurin bango, in an rufe ƙofa ba ka jin komai sai bugun zuciyarka. A nan muka koyi aikin, ni da ita, muna gwada juna. Ɗaya ta sa abin ji a kunne ta riƙe maɓalli, ɗaya ta zauna bayan gilashi tana aiko sauti. Auta takan danna maɓallin tun ban aiko komai ba, don kawai ta ga na ruɗe. Yanzu an haɗa ni da wata, yarinyar kirki ce, ba ta wasa.

Na nemi izinin malama, ta yarda in aiko da robar ita kaɗai. Tana cikin ƙaramin kwalin nan. Kada ki ce masa komai, ki sa masa a tafin hannu kawai. Duk lanƙwasar da ke jikinta ta kunnensa ce, kuma Auta ce ta ɗauko ta. Malama da ta ga awon ta ɗaga shi a gaban aji ta ce haka ake so, babu kumfa babu gibi. Auta ta yi mako tana mana yanga.

Malama ta ce za ta jira zuwa ƙarshen wata.

'Yarki,
Mai Tabarau

*

'Yata,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Mun iso gida lafiya, Allah ya saka miki da alheri, ke da malamarku. Kin sha wahala da mu.

A asibiti ban samu sararin gaya miki yadda aka yi ya yarda ba. Na sa masa robar a hannu yadda kika ce. Ya juya ta, ya kai ta bakin taga, ya bi ta da babban yatsa kamar yadda yake bin katako in an goge. Ya ce, "Ranar da ta zuba mini abin nan sanyi gare shi. Ta ce kada in motsa baki, ni kuwa dariya nake ji." Ya sa ta a aljihu. Washegari na tarar ya fito da rigarsa ta fita unguwa.

Na gan ki ta gilashin nan, na ga kin cije kin gama. Da kika kunna masa kika ce, "Baba, kana jina?" ya ce, "Ashe muryarki siririya ce, duk tsawon nan naki," sai da na juya baya.

To amma ga abin da ya sa na rubuto. A can ma kin ji na'urar ta ɗan yi tsuwa, malama ta rage ƙarfinta ta ce mu gwada a gida mu gani. Tun a mota ta dawo. Tsuwa ce siririya kamar ta ɗan tsako da ya ɓace, da ya tauna abu ko ya juya kai sai ta tashi. Shi ba ya jinta ko kaɗan. Ni ce nake jinta, daga ɗaki har madafa. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Kun sayi tsuntsu ne?" A wurin aiki yana cire ta yadda kuka ce, da ya dawo ya wanke hannu ya mayar.

Kuma maganata har yanzu ba ta isa gare shi sosai. Yana jin faɗuwar cokali, yana jin ƙofa. Jiya na zauna kusa da shi na ce bari in fara, na ce, "Malam, takalminta." Sai tsuwar ta taso a tsakaninmu. Ya ce, "Na'am?" Na ce ba komai.

Ko mu ne ba mu iya sa ta ba? Ki gaya mini gaskiya. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki

*

Zuwa ga Mama,

Assalamu alaikum. Na gode da addu'a, ina gaida Baba.

Ba laifinku ba ne, kuma ba laifin awon ba ne. Tun ranar malama ta yi zargin haka, ni ce na roƙe ta a ba shi ya gwada. Mama, Baba ya rame sosai tun bayan rasuwar. In mutum ya rame kunnensa ma yana sakewa. Auta ta auna kunnen mutum mai jiki, yanzu robar ta yi masa yawa ta wani gefe, ta bar kafa. Sauti yana zurarowa ta kafar ya koma cikin na'urar, shi ne tsuwar. Muddin tana yi ba za mu iya ƙara masa ƙarfin da yake buƙata ba.

In kina so ki tabbatar, ki danna robar da yatsa a hankali tana kunnensa. In tsuwar ta tsaya, to hakan ne.

Magani ɗaya ne, a sake awo, a yi sabuwar roba. Ni zan ɗauka, na yi alkawarin zan yi a tsanake. Sai dai da an gama jarrabawa za a tura mu asibitoci na nesa koyon aiki, zan daɗe ban dawo ba. In ya zo bayan na tafi, wani ɗalibin zai samu, wanda bai san ta ba.

Na san abin da nake roƙo. Ni ma da zan iya barin nata, da na bari.

'Yarki,
Mai Tabarau

*

'Yata,

Ina gaishe ki, ya jarrabawa? Allah ya ba da sa'a.

Na ba shi takardarki ya karanta da kansa, don ba zan iya yi masa ihun wannan ba. Ya karanta a tsaye. Ya ce, "Yarinyar nan tana da kirki, amma ba za a sake zuba mini komai a kunne ba." Na ce ai don ya ji ne. Ya ce, "Nata ne bai yi ba?" Na girgiza kai, na nuna masa inda kika ce shi ne ya rame. Sai ya ce, "To sai in yi ƙiba."

Wallahi, 'yata, tun ranar yake cin abinci kamar mai shan magani. Ya cika kwano ya zauna a gabansa yana turawa, ido ya yi ja, tsuwar tana tashi da kowace loma. Jiya na ji shi a bayan gida yana amai. Ya fito ya wanke baki ya ce in ƙaro masa. Na ɗauke kwanon. Muka yi faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba, na yi masa ihu na gaske, na ce ita ta tafi, ni ina nan, ni ce nake son a ji ni. Ban san nawa ya ji a ciki ba. Maƙwabciya dai ta ji duka, yau ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Ban sani ba ko in ci gaba da matsa masa. In na ci nasara na raba shi da abin da ya rage masa na hannunta. In na bar shi, haka za mu ƙare. Ke kin yi karatu, amma na san wannan ba ya cikin abin da ake koya muku, don haka ba tambayarki nake yi ba. Faɗa kawai nake yi, don ke ce kike ji.

Mamanki

*

'Yata Mai Tabarau,

Sallama. Direba ya ce jibi za ku tafi, shi ya sa na yi sauri.

Ba zai zo ba, kada ki jira. Ki ba malama haƙuri, ki ce mun gode.

Yau da yamma ya dawo ya zauna a kan benci, abin yana ta tsuwa. Na zauna ta hagunsa na sa yatsa na danna, yadda kika ce. Ta tsaya cak. Na fara magana, sai ya ce, "Rage murya, ina jinki." Ba duka yake ji ba, sai na kai bakina dab da kunnensa. Na tambaye shi ko yana mafarkinta. Ya ce kullum, kuma a mafarkin ba ta magana. Muka yi kukanmu.

Hannuna yana saurin gajiya. Da na sauke sai tsuwar ta dawo, mu yi shiru har in huta.

Ki riƙe karatunki da kyau. Allah ya kai ki lafiya, ya sa ki gama da albarka. In kin samu hutu ki biyo, ko ba da kayan awo ba.

Mamanki