Gara a Ɗakin Inna Larai

Asabar, 2 ga Muharram

Gara ta shiga ɗakin kakata Inna Larai. Da idona na gani. Na shiga ne in ɓoye mata carbi, na ɗaga kai, sai ga hanyar jar ƙasa ta bi bango ta hau azarar rufi. Na tsokana da sandarta, sanda ta lume kamar cikin tuwo. Suka zubo mini a fuska, farare, 'yan banza.

Na gaya wa Baba. Ko kallona bai yi ba. Wai azarar giginya ce, gara ba ta cin giginya, kuma in ɗakin nake hari in tara abokai a ciki, to in sake shiri.

Ni? Ɗakin da ke warin man zafi da daddawa?

Litinin, 4 ga Muharram

Don na taɓa sa wa yayata Saudatu ƙadangare cikin hijabi, shi ke nan duk abin da na faɗa a gidan nan ƙarya ne.

Na samu Inna da kanta na ce ta fito kafin rufi ya danne ta. Dariya ta yi har goro ya sarƙe ta. "Kai miji, in kishi kake da marigayi Malam ka faɗa. Shi ya ɗora mani rufin nan da hannunshi. Kai ko akurki ka gina mani?"

Na ce aƙalla ni ina da rai. Ta jefe ni da takalmi. Ba ta fito ba.

Laraba, 6 ga Muharram

An yi ruwa da hantsi. Ƙasa ta zubo daga sama cikin kokonta, ta tsame da yatsa ta ci gaba da sha. Na ɗaga tabarmarta, ƙasan duk sun cinye, sai zane-zanen ƙasa. Adudun kayanta ma gindin ya tafi. Zanen saƙin da take ji da shi ya zama rariya.

Ta ce ɓera ne. Ɓera! Ɓeran da ke gini?

Duk sanda aka yi tsawa sai in tsinci kaina a ƙofar ɗakinta. Haushi ne.

Alhamis, 7 ga Muharram

Allah ya tsine wa gara. Masu kunnen ƙashi kuma Allah ya shirye su, tunda iyayena ne.

Juma'a, 8 ga Muharram

Bayan masallaci na tare Malam Audi magini. Ya dube ni sama da ƙasa. "Gide, ba kai ne ka ce mani akuyata ta faɗa rijiya ba, na baro aiki a guje?" Na ce wancan daban. Ya ce ko gaskiya ce, ba ya hawa rufi da tsohuwa a ƙarƙashi. A fitar da ita tukuna.

A fitar da ita. Kamar buhun masara ce.

Lahadi, 10 ga Muharram

Yau Cika-ciki. Ranar da jika zai yi wa kaka abin da ya ga dama, ba mai cewa uffan.

Da la'asar na tara yaran unguwa da faifai da gwangwani. Na aro babbar rigar Baba daga igiya, na naɗa zanen gado a ka. Muka tsaya ƙofar Inna, na ce bana ba kuɗin shara nake so ba. Shekara da shekaru tana kirana miji a gaban jama'a, ba ta taɓa tarewa ba. Yau amarya za ta tare, ko ta faɗa gaban kowa cewa tsoron ango take.

Matan maƙwabta suka cika gidan. Fatsuma mai ƙosai ta rangaɗa guɗa. Inna ta leƙo tana zagi: "Ɗan nema! Ango da majina?" Amma na ga tana danne dariya. Ita da ba a taɓa kayar da ita a wasa ba, ta ce tsoro take?

Ta yafa mayafi, ta rufe fuska, har da kukan ƙarya. Yara suka ɗauki tabarma da buta da kwanoni a ka. Aka kai ta ɗakina da waƙa. Tana zama na fita na datse nata da kwaɗo, mabuɗin yana wuyana.

Da ta gane, kukan ya daina zama na ƙarya. Baba ya kwaɗa mini mari saboda rigar. Na ce ya ƙara, mabuɗi dai sai Malam Audi ya hau.

Talata, 12 ga Muharram

Ya hau. Ƙafarsa ta burma har gwiwa, da ƙyar ya kama bango. Azarun gefe giginya ne, lafiyarsu lau. Na tsakiya, daidai kan gadonta, itacen turare ne. Baba ne ya sa su wata shekara da aka yi gyara, ya shafe da ƙasa. Malam Audi ya murtsuke ɗaya da hannu ya zama gari.

Baba ya tsaya yana kallo, sannan ya ce a kawo tsani. Shi ke nan. Ba "ashe gaskiyarka", ba komai. Saudatu ce ma ta ƙara mini nama a tuwo, ita ma ba ta ce don mi ba.

An yaye rufin duka.

Alhamis, 14 ga Muharram

A zaure nake kwana, sauro ya gama da ni. Ɗakina ya fara warin man zafi.

Inna tana wuni a kan kujera tana kallon ɗakinta ba rufi. Na ce amarya ko ruwan wanka ba a kai wa ango? Ba ta jefe ni da komai ba. Cewa ta yi in duba mata ko azarun marigayi Malam za su moru. Na duba ɗaya bayan ɗaya, na goge su, na jingine a inda za ta riƙa ganinsu.

Gobe da sassafe zan bi amalanken maƙwabcinmu Mamuda zuwa Daudawa a ɗauko sababbin azaru. Ba wanda ya aike ni. Ni zan ƙwanƙwasa kowace da kaina kafin a ɗora, ban yarda da idon kowa ba.

Ɗakina kawai nake so ta bar mini. In ma ta ƙara sati biyu, ba wani abu.