Zannuwan Aziziyya

Daren Laraba, watan Zulƙida

Kamfanin otal ɗin da nake wanke wa zannuwan gado a unguwar Aziziyya ta Makka ya durƙushe, an naɗa masa mai riƙon ƙwarya. Yaya Sani ya ce, "Maza, janye hannunka, Bala, kamfanin ya mutu."

Na ce, "Yaya, jinya yake."

Na sake karanta yarjejeniyarmu, babu inda zuwan mai riƙo ya soke ta. In na daina kai kaya, ni na karya alkawari, ga alhazai na tafe.

Yau na kai zannuwa a goge. Na miƙa wa mai karɓar kaya takardar shaida, ya buga hatimi.

In sallamata za su yi, su rubuto da hannunsu. Gobe bayan asuba ina ƙofarsu.