Raɓa a Kwamfutar Baba

Craiova, 9 ga Nuwamba

Yaya Horia,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan aikin gini bai karya ka ba. Na naɗe takardar nan a jikin kwalbar miyar yalo da Mama ta ba direban bas, don duk sanda ka kira, ita ke riƙe da waya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni na ƙona ƙwaƙwalwar kwamfutar Baba, ba kai ba. Ka tuna yadda kuke ajiye ta a baranda da hunturu, tsakanin kwalaben kabeji mai tsami, don sanyi ya ba ku damar ƙara mata gudu? Ranar nan yatsuna suka ƙage, sai na ɗauko ta zuwa kicin na kunna nan take. Ashe raɓa ta taru a ciki. Da na ji ƙauri na mayar da ita, na yi shiru. Baba ya ce kai ka cika mata wuta, kuka yi faɗa, ka tafi. Shekara biyu ba ku magana. Na gaji, Yaya.

Ƙanwarka,
Ilinca

Torino, 21 ga Nuwamba

Auta sarkin shiru,

Ina gaishe ki, ki gai da Mama. Miya ta iso, rabinta a jikin takardarki.

Ke a tunaninki ban sani ba? Kin bar jar safar hannunki a kan akwatin kwamfutar, ni na ɓoye ta. Kada ki ɗora wa kanki. Ni da tsohon nan mun daɗe muna neman abin faɗa. Ki bar maganar a nan.

Zan aiko da sabuwar ƙwaƙwalwa kafin Kirsimeti, ki ce wa Baba a makaranta aka ba ki. Iri biyu ne za su hau allon da ke cikin kwamfutar. Ɗaya kullalliya ce: gudun da aka yi ta da shi, shi ke nan, ba mai taɓawa. Ɗaya buɗaɗɗiya ce, sai an zauna ana ƙara mata kaɗan-kaɗan ana duba zafi, kuma sai da wanda ya iya. Ni dai kullalliya na ce. Ba abin da zai sake ƙonewa, ba wanda za a sake zargi. Bayana na ciwo, ba ni da ƙarfin wata rigima. Amma ke za ki zaɓa.

Ki huta lafiya,
Horia

Craiova, 2 ga Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka shafa wa bayan man zafi.

Ban bar maganar ba. Ran Lahadi na sami Baba a baranda yana goge kwamfutar, kamar kowane mako. Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon kwalabe, sannan ya ce, “Ilinca, shiga ciki kafin mura ta kama ki.” Bai ci abincin rana ba.

Aiko da buɗaɗɗiyar. Baba ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, ni kuma ban iya ba, don haka dole a kira ka. Na rubuta lambarka a jikin akwatin da manyan baƙaƙe. Ya gani. Ya goge ƙura ta gefenta, bai taɓa ta ba.

Sai na ji daga gare ka,
Ilinca