Na'urar Rumbun Albasa Ta Daina Kwana Da Rana

Fakku, Ƙaramar Hukumar Kebbe

Zuwa ga ɗana Shafi'u,

Bayan sallama irin ta Musulunci, ina roƙon Allah ya sa kuna lafiya a Ibadan kamar yadda muke nan. Albishir ɗin matarka Hafiza ta haihu ya iske ni a bakin masallaci, na rasa inda zan sa kaina, har liman ya ce in zauna kada in faɗi. Allah ya raya Muhsina. Ka gaya wa amaryar tawa ta yi haƙuri da tsohon miji. Uwarka Atu ta hana kowa sakat da guɗa.

Ka ce in sayar da albasar iri in taho in ga jaririyar. Shafi'u, ba ni sayarwa. Irin nan daga hannun kakanka ya fito, bara rabinsa ya ruɓe, in na saki sauran ya tafi ke nan.

Na'urar da ka rataya a rumbu don auna zafi da danshi tana nan. Da za ka tafi ka tambaye ni yaushe za ta riƙa aunawa, na ce da asuba, don lokacin ne muka saba cusa hannu cikin albasa mu ji lafiyarta. To, kullum lambarta lafiya, amma hancina na jin wari. Gazali malamin gona ya zo daga Tambuwal ya duba da wayarsa, ya yi dariya, ya ce mun ɗauki mai gadi mun ce ya farka lokacin da ɓarawo ke barci. Ya so ya gyara ya wuce, na ce a'a, ya nuna mini. Ba don ado na zauna ajin yaƙi da jahilci da furfura ba. Na danna na ɓata, na sake, har na sa ta auna ta rubuta kowace sa'a da kanta. Ya ce batir zai fi saurin ƙarewa, na ce ya ƙare.

Kwana kaɗan sai ga magana ta fito: bayan azahar zafin ke hawa, rana na dukan zanan yamma. Na ɗaga jinka, na yi rumfa ta wajen, na tsince waɗanda suka yi laushi. Lambar ta fara sauka, warin ya ragu. Mai nema yana tare da samu. Ba ni ɗagawa daga nan sai ruwan fari ya sauka na ga abin da danshi zai yi, sannan in hau mota.

Atu da ƙanwarka Mu'minatu suna gaishe ku. Ka gaida Hafiza da jiki, da surukinka Malam Nasiruddeen. Ka aiko da batir biyu ta hannun direban Kebbe.

Wassalam. Mahaifinka,
Dawuda Na'iya Fakku